Dako, fokilif, lissafin sito ko haɗa kantoci: wanne za ka kashe wa kuɗinka?

Duk matashin da ya zo mini da maganar yana son shiga aikin sito, abin da nake fara tambayarsa shi ne nawa ke hannunsa, kuma wata nawa zai iya jurewa ba albashi. Ƙofofin aikin nan huɗu ne, kowace da kuɗin shigarta: dako, tuƙa fokilif (motar ɗaga kaya mai cokulan ƙarfe biyu a gaba), riƙe lissafin kaya, sai kuma haɗa manyan kantocin ƙarfe da duba lafiyarsu, waɗanda a bakin aiki muke ce wa rak. Na ƙarshen nan shi ne sana'ata, kuma ba zan ɓoye ba, shi nake so ka zaɓa.

Aikin na ƙaruwa ne saboda sito ya fara tashi sama. A Dawanau da kasuwar Singa har gobe jera buhu ake yi a ƙasa, ɗaya bisa ɗaya. Amma kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa, da masu rarraba kayan masarufi, sun gane cewa hayar fili ta fi ƙarfe tsada. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, kwantena na ƙara matsowa kusa. Dillalan magani ma da suka koma cibiyarsu ta Dangwauro, ƙa'idar ajiyar magani ba ta yarda a zube kwali a daɓe ba. Duk wannan yana nufin falet, wato dandamalin katako da ake jera kaya a kai, da kantar ƙarfe, da mutanen da za su kafa ta.

Dako ba ya buƙatar ko sisi, yau ka zo yau ka samu na abinci, amma bayanka ne jarin, kuma ba ya daɗewa. Ka yi shi don ka ga yadda sito ke tafiya, kada ka zauna a kai.

Riƙon lissafi aikin inuwa ne, da kujera da kwamfuta, shi ya sa masu difloma ke rububinsa, mata ma na samun shiga. Idan ka iya Excel sosai ka riga ka yi rabin tafiya. Sai dai ka sani, za a nemi mai tsaya maka, kuma ranar da aka ƙirga kaya aka ga katan goma babu, daga albashinka za a fara cirewa kafin a tambayi mai gadi.

Fokilif ita ce ke ɗaukar hankalin yara, na kuma san dalili: kana zaune kana ɗaga tan biyu da yatsa. Albashinta ya fi na lebura nesa ba kusa ba. Matsalarta guda, motar ba taka ba ce. Idan kamfani na da fokilif biyu, direba biyu ko huɗu yake buƙata, kuma ba sa barin kujerar. Sannan ba tuƙin mota ba ne kamar yadda ake zato. Da ƙafafun baya take juyawa, wadda ke ɗaga tan 2.5 ita kanta ta kusa tan 4, kuma nauyin da aka rubuta a jikinta yana raguwa idan kaya ya yi sama ko ya zamo gaba a kan cokulan. Mafi yawan ƙafafun rak da nake canzawa, direban da bai san wannan ba ne ya lanƙwasa su.

Yanzu ga nawa. Mai haɗa rak hannunsa ne jarinsa, kayan aikinsa kuma suna shiga jaka ɗaya. Babu kamfanin da zai riƙe ka, yau kana Sharaɗa, wata mai zuwa Kaduna ko Abuja. Aikin a ido kamar wasa: ƙafafu dogaye masu ramuka, da sandunan kwance da ake maƙalawa a ramukan, falet ya hau kai. Amma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Ana fara auna daɓen, domin kankaren sitocinmu ba kasafai yake shafe ba, sai an sa faranti siriri a ƙarƙashin ƙafa har ta miƙe cak. A huda kankare a ɗaure kowace ƙafa da noti. Kowace sanda kuma sai an soka mata ɗan makullin ƙarfe a gefe biyu, wanda bai kai yatsa ba, amma shi ne ke hana cokalin fokilif ya ɗaga sandar ta fice da kaya a kanta. A ƙarshe a kafa allo mai nuna nauyin da kowane hawa ke ɗauka.

Abin da ya sa na fifita shi a kan sauran shi ne aikin ba ya ƙarewa ranar da aka gama kafawa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 15635, wadda manyan masu ƙera rak irin su Mecalux da SSI Schäfer ke aiki da ita, ta ce a kawo masani ya duba kantoci aƙalla sau ɗaya cikin wata 12, ban da dubawar ma'aikatan cikin gida. Yadda ake duban ma kowa zai iya koya. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 1 a jikin ƙafar da ta bugu, ka auna ratar. Idan lanƙwasar ta nufi gefe, iyakarta milimita 5. Idan ciki ta nufa ko waje, milimita 3. Abin da ya wuce haka amma bai ninka ba, a gyara cikin mako huɗu, kuma da zarar an sauke kaya kada a sake ɗorawa. Abin da ya ninka, a sauke kayan nan take. Sandar kwance kuwa, idan tana ɗauke da kaya, ba a son ta lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 200 na tsawonta, wato mai mita 2.7 kada ta wuce milimita 13.5. Yaron da ya iya shiga sito da tef da takarda ya nuna wa manaja waɗannan lambobi, ya daina zama lebura a idonsa. Na ga yadda fuskar manaja ke canzawa idan aka kama hannunsa aka ɗora a kan lanƙwasar da yake wucewa kullum bai gani ba.

Ba a koyon wannan a aji. Oga za ka nema ka bi, ka yi wata shida zuwa shekara kana miƙo sifana da ɗaukar ƙarfe kafin a bar ka ka hau. Idan kana da walda ko aikin ƙarfe a hannu, je ka yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na 3 zuwa na 1, ko ka leƙa ofishin ITF, hukumar gwamnati mai horar da ma'aikata, ka ji irin horon da suke da shi. Takardar gwajin sana'ar tana da asali, ana iya bin diddiginta.

Zaɓen ogan shi ne babban ciniki, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Wani ɗan kwangila ya ɗauke mu kafa rak a wani sito, ya ce sababbi ne daga waje. Da aka sauke su sai ga fenti na kama hannu, ƙafafu na wani kamfani, sanduna na wani, haƙoran ba sa zama daidai a ramin sai an buga da guduma. Makullai babu, ya aiko yaro da ƙusa inci huɗu a leda ya ce mu soka. Muka ƙi, ya riƙe mana cikon kuɗinmu har yau. Tun daga nan, kafin in bi kowa ko in tura yaro wurinsa, abu uku nake dubawa: yana ɗaure ƙafa a kankare ko ajiyewa kawai yake yi, yana kafa allon nauyi, sannan yaransa na bara suna nan tare da shi? Idan duk sababbin fuska ne, to ba ya biya. Ka tambaye shi kuma idan mutum ya faɗo wa ke ɗaukar asibiti. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kuɗi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Ogan da bai taɓa jin sunan ba, ka san inda ka tsaya.

Rak na hannu ba haramun ba ne, akwai masu kyau. Abin gudu shi ne wanda aka miƙar da ƙafarsa da wuta aka shafe da fenti, don ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar ba ya komawa ƙarfinsa na da. Shafa hannunka a ƙasan ƙafar, daga daɓe zuwa gwiwa, nan fokilif ke duka. Idan ka ji tudu ko tabon walda, ka gaya wa mai sito tun kafin a ɗora, domin ranar da ta rushe sunan wanda ya haɗa za a fara nema.

Masu sayar da takarda sun fi masu fenti yawa. Za ka ga talla a Facebook ko WhatsApp: satifiket ɗin fokilif na ƙasa da ƙasa cikin kwana biyu, turo kuɗi da hoto. Babu wata takarda ɗaya da duk duniya ta yarda da ita a wannan aiki, kowace ƙasa da tsarinta, kuma duk kamfanin kirki sai ya ɗora ka a mota ya ce ɗauko falet daga hawa na huɗu. Makarantar da ba ta nuna maka fokilif mai tashi da filin gwaji ba, kada ka ba ta ko kuɗin fom. Ka je da ƙafarka, ka tambayi awa nawa kowane ɗalibi ke yi a kan sitiyari, ka nemi lambar wanda ya gama yana aiki.

Sai ejan-ejan na aiki. Na cikin gida za su ce akwai gurbi a wani babban kamfani, kawo kuɗin rajista da na yunifom da na gwajin lafiya. Ejan na gaskiya yana da lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago, ka ce ya nuna maka. Ka kuma tambayi nawa kamfani ke biya a kanka da nawa zai iso hannunka. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira dubu 70 ne, ka riƙe wannan a matsayin ma'auni. Na waje su ne masu cin gona da gida. Aikin sito a Dubai ko Qatar ko Saudiyya akwai shi, amma dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana mai ɗaukar aiki karɓar kuɗin ɗauka daga ma'aikaci, kuma aiki da bizar ziyara laifi ne a can. Duk wanda ya ce ka shiga da ita za a canza maka idan ka isa, so yake ya raba ka da kuɗinka. A Qatar mafi ƙarancin albashi tun 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba. To idan aka yi wa lebura alkawarin ninki biyar na wannan, ka tambayi kanka dalili. Kada ka miƙa fasfo sai ka ga kwantiragi da sunan kamfani, kuma wanda ya matsa maka da gaggawa ko rantsuwa, ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, na karɓar irin wannan ƙorafi.

Idan ka bi shawarata, kuɗin da ka tara don satifiket ka sayi kayan aiki da su: tef mai mita 8, ma'aunin miƙewa, sifanu, gudumar roba, hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki. Na'urar huda kankare ta oga ce, kada ka yi gaggawar saye. Komai a cikin waɗannan za ka iya ɗauka a gwanjo ban da ɗamarar da ake ratayawa idan an hau sama. Wadda ta taɓa tare mutum daga faɗuwa ta gama aikinta, kuma mai gwanjo ba zai gaya maka ba. Sayi sabuwa mai lambar EN 361 da ranar ƙira a jikinta, ka bi ɗinkin da yatsa tun a shagon.