Kafin Ka Sayi Na'urar Ɗaga Mota a Garejin Gidanka a Zariya

Masu son taɓa motarsu da hannunsu suna ƙaruwa a Zariya, daga malaman jami'a a Samaru zuwa bakanikan da suka gaji da haya a Sabon Gari suka mayar da harabar gida wurin aiki. Duk wanda ya taɓa kwanciya a kan kwali a ƙarƙashin mota, jak ɗaya na riƙe da ita, ya san dalilin da ke sa mutum ya fara tunanin sayen lif, wato na'urar ɗaga mota. Shawarata ita ce kada ka fara da tambayar wane kamfani ya fi. Ka fara auna gidanka: kaurin daɓe, tsawon rufi, da ƙarfin wutar da ke shigo maka. Su ne za su zaɓa maka, ba ɗan kasuwa ba.

Lif mai ginshiƙi biyu shi ne wanda aka fi gani a manyan garejoji, kuma shi ne ya fi daɗin aiki. Hannuwa huɗu ne ke shiga ƙarƙashin mota su ɗaga ta, tayoyi na reto, ciki a buɗe. Birki, kuloci, giyabos, salansa, duk kana kai hannu ba tare da wani abu ya tare ka ba. Yawancin waɗanda ake shigowa da su suna ɗaukar tan 4, alhali Corolla wajen tan 1.3 ce, Hilux da Sienna kuwa wajen tan 2. Ke nan nauyi ba shi ne damuwa ba. Damuwar tana ƙasa.

Duk nauyin motar yana rataye ne a kan ƙusoshin da aka kafe ginshiƙan da su a cikin kankare. Kamfanonin Amurka irin su BendPak da Rotary suna neman kankare mai kaurin da bai gaza santimita 10 zuwa 11 ba, na Turai kuwa sukan nemi 15 zuwa 20. Daɓen garejin gidajenmu fa? Sau da yawa siminti ne siriri aka shafa a kan cikon jar ƙasa, wani lokacin ma an ɗora tayil a kai. Irin wannan ba zai riƙe ba, ko da ranar farko ya nuna kamar ya riƙe. Ka sa a huda daɓen a auna. In bai kai ba, a fasa, a daddale ƙasan sosai, a zuba sabon kankare da rodi da tsakuwa mai kyau, a riƙa ba shi ruwa, sannan a jira kwana 28 kafin a kafa komai. Idan magini ya ce maka, "Alhaji, ai mako guda ya isa," ka gode masa, amma ka cika kwanakinka. Ni da zan zuba, ba zan yi ƙasa da santimita 20 ba, domin ba kowane kwaɓi na hannu ne ke kai ƙarfin da aka rubuta a takarda ba.

Sai rufi. Lissafin ba wuya: tsayin mutum wajen mita 1.8, ka ɗora tsayin mota a kai. Corolla mita 1.5 ce, Hilux kuwa ta kai 1.8. Kana bukatar mita 3.3 zuwa 3.6 ke nan kafin ka tsaya a miƙe a ƙarƙashi, ga shi kuma yawancin ɗakunanmu ba su wuce mita 3 ba. Mai ginshiƙi biyu iri biyu ne: wanda igiyoyinsa na ƙarfe suka bi ta sama, mai neman rufin kusan mita 3.7, da wanda suka bi ta ƙasa a cikin faranti, wanda ginshiƙansa ba su kai mita 3 ba. Na biyun zai shiga ɗaki, amma ba abin da zai hana rufin mota dukan silin in ka shagala. Shi ya sa na fi ganin hikimar mai fili ya kafa rumfar kwano mai tsayi a tsakar gida, ya zuba mata daɓe sabo, maimakon ya tsaya rushe garejin da ke haɗe da ɗakunan kwana.

Mai ginshiƙi huɗu hawa ake yi kamar gada. Ya fi sauƙi ga wanda bai ƙware ba, domin motar na tsaye a kan tayoyinta, kuma nauyin ya rabu gida huɗu, don haka bai cika takura wa daɓe ba. Yana da kyau ga juyen mai da aikin salansa, ko ajiye mota ɗaya a sama wata a ƙasa. Amma yana cin fili, tsawon wajen mita 5, kuma in za ka cire taya sai ka ƙara sayen wani jak da ke zama a tsakiya. Ga gida na yau da kullum, kuɗin ya fi amfanin yawa.

Wanda nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan gidaje shi ne mai almakashi, wanda ƙafafunsa ke buɗewa kamar almakashi, mai ɗagawa wajen mita 1. Ba ya neman dogon rufi, wasu ma ana janye su gefe idan an gama. Taya, birki da shokzoba duk za ka yi su a zaune a kan kujera. Aibinsa shi ne yana tare tsakiyar mota, don haka sauke giyabos zai ba ka wahala. Ka kuma tambaya ko makullinsa, wato ƙarfen da ke riƙe mota a sama don kada ta faɗo, da iska yake buɗewa, domin in haka ne sai ka haɗa da kwamfuresa. Akwai ƙanƙane ma irin QuickJack, mai ɗagawa wajen santimita 60, har da samfurin da ke aiki da batirin mota mai bolt 12. Ga mai Golf ko 406 da ke son juye da gyaran birki ranar Asabar, wannan ya wadatar.

Wasu za su ce haƙa ramin da za a shiga a yi aiki a ƙarƙashin mota ya fi arha, kuma gaskiya ne. Sai dai a watan Agusta, musamman a unguwannin da ke gangaren Kubanni, ramin zai koma rijiya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan rami yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ga kuma yara a gida. Ba na ba mai iyali shawarar rami.

Yanzu batun wuta, wanda nan ne da yawa ke yin asara. Injin lif yawanci kilowat 2.2 ne, kuma akwai mai layi ɗaya, bolt 220, da mai layi uku, bolt 380. Ka duba abin da mitarka take da shi kafin ka biya. In na hannu ne daga Amurka, ka karanta farantin injin: wutarsu 60Hz ce, tamu 50Hz, kuma injin da aka yi wa 60 kaɗai zai yi sanyin gudu ya riƙa zafi. Wuta mai rauni ma tana ƙona shi. A janareta kuwa, lokacin tashi injin yana jan ninkin abin da yake ci in ya daidaita, don haka ƙaramin janareta ba zai tayar da shi ba; ni ba zan dogara da wanda bai kai 7.5kVA ba.

Ga wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Saukowa ba ta bukatar wuta, nauyin mota ne ke kawo ta. Amma idan ta zauna a kan makulli, sai an ɗan ɗaga ta sama kafin makullin ya saki. In aka ɗauke wuta a wannan lokacin, motarka ta kwana a sama. Saboda haka ka fifita wanda ake sakin makullinsa da hannu a kan mai sakin lantarki, ka kuma tambayi ko yana da famfon hannu na gaggawa. Kada kuma wannan ya sa ka riƙa shiga ƙarƙashi ba tare da ka zaunar da ita a kan makulli ba. Man da ke cikin silindar lif ɗagawa kawai yake yi. Ƙarfe ke riƙewa. Robar silinda ɗaya in ta fashe, ba a samun damar gudu.

Ko a Kano za ka saya, ko Kaduna, ko a turo maka daga Legas, ka nemi a nuna maka farantin da ke ɗauke da sunan kamfani, lambar na'ura da nauyin da take ɗauka, tare da littafinta. Alamar shaidar inganci ta CE ta Turai ko ta ALI ta Amurka tana da amfani in ta gaskiya ce, amma fenti da sitika ba su da wuyar samu, don haka ka duba kaurin ƙarfe da kyan walda da idonka. A na hannu, ka bi igiyoyin ƙarfen ka ga ko sun fara tsintsinkewa, ka duba haƙoran makulli da yoyon mai. Ka tambayi wa zai kafa maka, kuma a ina za ka samu robobi da igiya idan sun ci. Da hunturu ƙura takan haɗu da giris ta riƙa cin wuraren zamiya, sai ka goge ka sake shafawa, ka kuma bi ƙusoshin daɓe da sifana lokaci-lokaci ka tabbatar ba wanda ya saki.