Fim ɗin haya: tura allo ta Wi-Fi ko jona kebul na HDMI?

Ɗan'uwa, ka ce ka kama hayar fim a YouTube, ka tura allon kwamfutarka zuwa talabijin ta Wi-Fi, sauti na fita amma hoto baƙi ƙirin, kana tambaya ko kebul na HDMI zai fi. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Fim ɗin ne a kulle, kuma da gangan masu shi suka kulle shi don kada a kwafe.

In ka tura allo, kwamfutar tana ɗaukar hoton abin da ke fuskarta ne tana aikawa, tamkar mai naɗar bidiyo. Makullan da ke gadin finafinan nan, wato Widevine na Google, FairPlay na Apple da PlayReady na Microsoft, ba sa bambanta wannan da sata. Shi ya sa sau da yawa za ka ga kibiyar linzami tana yawo a talabijin, maɓallai duk sun fito, amma wurin fim ɗin duhu. Kada ka ɓata lokacinka a nan.

Kebul ya fi, amma shi ma da sharaɗinsa. Akwai wani tsaro a cikin HDMI mai suna HDCP, kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi. Kafin hoto ya wuce, sai kwamfuta da talabijin sun tantance juna tukuna. HDCP 1.4 ya isa ga hoto mai tsabta na HD, 4K kuwa, wanda ya fi HD tsabta, sai HDCP 2.2. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne abin da suke jonawa a tsakiya. Tsohon kebul na VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, ba ya ɗaukar HDCP sam. Haka ma wasu ƙananan akwatunan da ke mayar da HDMI zuwa wayar nan mai ja, fari da rawaya, ko masu raba hoto zuwa talabijin biyu. Guda ɗaya ya kasa, ko dai fim ya ƙi buɗewa, ko ya sauko zuwa hoto mai dishi-dishi alhali kuɗin HD ka biya. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don wanda ya biya kuɗinsa ne ke shan wahalar. Ka jona kai tsaye, kwamfuta zuwa talabijin.

Ni dai da zan zaɓar maka, hanya ta uku zan ce. Danna alamar Cast, wato maɓallin aika bidiyo zuwa talabijin, da ke cikin bidiyon YouTube ɗin kansa. A nan Chromecast (ƙaramar na'urar Google da ake jonawa a talabijin) ko talabijin ɗin ne zai ɗauko fim ɗin daga intanet ya buɗe makullin da kansa, kwamfutarka ta koma rimot kawai. In talabijin ɗin na da manhajar YouTube, shiga da asusun da ka yi hayar, fim ɗin na nan yana jiranka.

Kuma ka hanzarta. Yawanci kwana 30 ake bayarwa kafin a fara kallo, amma da zarar an kunna sai ya koma awa 48, kai kuwa ka riga ka kunna naka.