Na tofa yawu a kwalba, Gwaggo ta yi kuka

Da farko haushin kuɗina na ji. Ƙanwata da ke Ingila ce ta aiko min da kayan gwajin DNA na gano asalin mutum ta hannun wani mai zuwa gida, na cika 'yar kwalbar da yawu, aka mayar, na yi kusan wata biyu ina jira. Da sakamako ya fito sai ga shi wai yawancin jinina na Najeriya ne, da ɗan ɓurɓushin Mali da Kamaru. To da ni ɗan ina ne? Ba Hausa, ba Fulani, ba Gobir, an zuba mu kwando ɗaya da mutanen Legas da na Fatakwal. Jerin 'yan'uwan da suka jero min kuwa kusan duk baƙaƙen Amurka ne, dangantakar ma ta yi nisan da ko gaisuwar mutuwa ba za ta kai ba. Na rufe manhajar na manta da ita.

Bayan ƙaramar Sallah saƙo ya shigo daga wani bawan Allah ɗan Sudan, shi ma mazaunin Ingila. Gwajin ya nuna mun haɗa kaka a wajen hawa na huɗu. Ya ce mutanensa 'yan Mai Wurno ne, garin nan na bakin kogin Nilu kusa da Sannar, inda waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903 suka yada zango tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Gabana ya faɗi. Tun muna yara Gwaggo take ba mu labarin ƙanen kakan Baba da ya bi hijirar gabas lokacin zuwan Nasara bai dawo ba, mu kuwa mun ɗauke shi tatsuniya.

Na same ta a Sakkwato. Ta sa aka sauko da tsohon Alƙur'anin gidanmu mai gafaka, a takardar ƙarshe ga sunayen 'ya'yan gidan da ajami, tawada ta koɗe amma tana karantuwa. Na ɗauki hoto na tura masa. Suna na uku, har da laƙabin, shi ne wanda suke kiran kakansu da shi. Da ya turo murya yana cewa "Gwaggo, ina wuni", da wata Hausa mai nauyin Larabci, sai da ta sa na maimaita mata sau biyar, tana share hawaye da gefen mayafi. Ya ce yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya watsa da yawa daga danginsu.

Baffa dai har yau bai yarda ba. Ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, irin wannan tone-tone wata rana zai tono abin da zai raba gida. Ban musa masa ba.

Kamfanin kuma bai bar ni na gama murna ba. Zan buɗe bishiyar dangin mutumin, sai a ce in biya kuɗin wata-wata, da dala. Kwanan baya suka sabunta lissafinsu, Malin nan tawa ta ɓace, Kamaru ta ƙaru, alhali yawun dai shi ne. Tauraro uku cikin biyar na ba su, biyu albarkacin Gwaggo. Na soke rajistar, tunda mun riga mun karɓi lambar juna a WhatsApp.