Slack a ofishin fasaha na Gombe: yana raba aiki da siyasa?

Ofishin da ya haɗa Fulani, Tangale da Tera, Musulmi da Kirista, zaurensa na WhatsApp kan yamutse da zarar kakar zaɓe ta kama. Nan Slack, manhajar musayar saƙonni ta wurin aiki, ya yi zarra: a buɗe zauren aiki daban, na hira daban, a kafe doka a saman kowanne. Wanda gardamar jam'iyya ta ishe shi sai ya kashe sanarwar zauren hira.

Aibinsa, na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa. Ƙorafin cin fuska ya taso daga baya, hujja ta ɓuya.

Hana siyasa ɗungurungum kuwa, a yi hattara. Basecamp, wani kamfanin manhaja na Amurka, ya gwada a 2021, kusan sulusin ma'aikatansa suka ajiye aiki.