Sharhi: Na Kai Tsofaffin Yadudduka Marina, Na Ɗinka Bargo da Su

Cikin kayan da kakata ta bari, rabona ya faɗa kan wani akwatin ƙarfe mai ɗauke da fararen zannuwa uku na saƙin hannu, waɗanda tsufa ya mayar da su ruwan ƙasa-ƙasa, gefunansu kuma suka zare. Ba su ɗauruwa, ba su kyautuwa, zuciyata kuma ba ta yarda a mayar da su tsumman goge-goge ba. Daga nan na yanke shawarar in rina su da shuni, in yayyanka su, in haɗa bargo mai hawa uku: fuskar sama ta ƙyallaye, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, a bi duka da ɗinkin hannu. Da yake zannuwan ba za su isa ba, na shiga kasuwar Ƙofar Wambai na tsinto fararen riguna da zannuwan gado a wurin 'yan gwanjo. Wannan sharhi na aikin marinin da na kai wa kayan ne, da abin da na gani bayan bargon ya yi wata takwas ana rufa da shi.

Duk wanda aka ambata masa rini a Kano, marinar Ƙofar Mata ce take fara zuwa masa, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Sai dai sana'ar ta fi ƙarfin unguwa guda, domin lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, rinannen yadi yana cikin manyan hajojin da fatake ke ƙetara Sahara da su, kuma har yau ana kiran rawani mai ƙyalli da sunan garin Kura. Ni wani dattijo na kai wa aikina a wata ƙaramar marina da ke wajen birni, wanda har yanzu da baba da toka da kanwa yake haɗa ruwansa, ya bar shi ya yi makonni a rami yana nuna, ba ya taɓa garin rinin kanti.

Abin da ya fara saya masa daraja a wurina shi ne bai karɓi kayan a dunƙule ba. Ya zauna a kan tabarma ya warware su ɗaya bayan ɗaya, yana murza kowanne tsakanin yatsunsa. Da ya zo kan wasu riguna biyu masu santsi, sai ya zaro zare daga habar ɗaya ya kai shi bakin ashana, zaren ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri. Ya zaro na zanen kakata ya ƙona, wannan kuwa ya ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi. Ya ce, "Hajiya, waɗannan biyun roba ce a jikinsu, ko kwana za su yi a rami ba za su sha ba. Ki mayar da su, kada ki yi asarar kuɗinki." Na ce, "Baba, ko kaɗan ba za su kama ba?" Ya ce za su fito da dabbare-dabbare, wanki biyu kuma su koma yadda suke. Ya kuma umarce ni in koma in wanke sauran da ruwan zafi da sabulu, saboda sitati da maiƙon jiki suna hana shuni shiga zare.

Ranar tsomawa na nemi izinin tsayawa in kalla, ya kuwa yarda. Yadin yana fitowa daga ramin ne kore-kore, launin da ba ya kama da shuɗi ko kaɗan, sai marinin ya matse shi ya buɗe shi ga iska, a gaban idonka koren ya riƙa juyewa yana komawa shuɗi, daga bakin lanƙwasa zuwa ciki. Iska ce ke kama shunin a jikin zare, shi ya sa duhun launi ba ya samuwa da barin yadi ya daɗe a ruwa, sai da yawan tsomawa da shan iska. Wannan ne ya yi wa aikina amfani fiye da komai, domin na roƙe shi ya raba kayan kashi huɗu, daga shuɗi mai haske kamar sararin samaniya da hantsi har zuwa wanda ya kusa zama baƙi. Kuɗin aikin ma a kan haka ya yanke shi: mai duhu ya fi tsada, saboda ya fi cin lokaci da ƙarfin hannu.

Zannuwan saƙin sun fi kowane yadi shan rinin, kuma ba su sha bai ɗaya ba. Inda zaren ya yi kauri ya fi duhu, inda guiwa da zama suka cinye shi ya fi haske, har wani tsohon tabon goro da ke gefen ɗaya ya fito a matsayin inuwa mai duhu, ban kuma yanke shi na yar ba. Rigunan gwanjon kuwa sun zo da abin da ban zata ba: jikinsu auduga ne, amma zaren da masana'anta ta ɗinka su da shi na roba ne, don haka kowane layin ɗinki ya fito fari fes a kan shuɗi. Na bar wasu daga cikinsu a fuskar bargon saboda kyansu.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Ya yi mini alkawarin mako guda, aikin ya kai kusan uku, kuma sai da na yi sawu biyu kafin ya gaya mini cewa ruwan ramin ne ya yi rauni, yana jiran sabon haɗi ya nuna. Uzurin gaskiya ne, amma da ya faɗa tun farko da ya hutar da ni. Na biyu, kashi mafi duhu ya zo yana zuba sosai, yana shafar hannu da duk abin da ya taɓa. Ga mai rawani wannan abin so ne, ga mai bargon da zai haɗu da farin zanen gado kuwa matsala ce, sai da na ɗauraye shi sau biyar da ruwan sanyi, ina shanyawa a inuwa, kafin ruwan ya fito garau. Saboda wannan dalili ban kai kayan wurin mabuga ba, domin bugu yana daɗa wa yadi ƙyalli da tauri, ni kuwa laushi nake nema.

Ɗan launin da na tsarma a tsakanin shuɗin a gida na yi shi. Ɓawon albasa da aka tafasa, bayan an jiƙa yadin a ruwan alif, ya ba da ruwan ɗorawa mai nutsuwa wanda har yanzu yana nan. Gangamau ya fi shi haske ranar farko, amma rana ta cinye shi cikin 'yan watanni, ba zan sake amfani da shi ba.

A wajen ɗinkin ne na gane amfanin tsohon yadi, domin allura tana ratsa hawa ukun ba tare da gardama ba, kuma yadin ya riga ya gama tsukewa tun shekarun baya, wanki ba zai murɗe shi ba. Wata maƙwabciyata ta tarar da ni ina bin layukan, ta ce ai wannan aikin Turawa ne. Na tuna mata da lifidin dawakin sarakuna da ake gani a hawan salla, wanda shi ma yadi ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki layi-layi.

Bayan wata takwas da wanki huɗu, shuɗin ya ɗan sauka kaɗan a ko'ina daidai, babu inda ya koɗe ya bar fari, ya kuma daina shafar matashi. Zan sake kai wa dattijon aiki da rani mai zuwa, da sharaɗin mu tsayar da rana bayan ya duba ƙarfin ruwan raminsa, kuma wannan karon da ashana a jakata zan shiga wurin 'yan gwanjo.