Eya kula a ɗakin yarana, daga bazara zuwa damina

A ƙarshen watan Maris maigida ya sayo mana eya kula, wato na'urar sanyaya iska da ruwa, a kasuwar Sabon Gari, lokacin da zafin Kano ya fara haura digiri 40 da rana. Ɗakin yara rufin kwano ne, kuma 'yata ta biyu tana fama da asma. Fankar sama iska mai zafi kawai take juyawa, ga ƙura tana tayarwa. Iyakwandishan ya fi ƙarfin aljihunmu, ya kuma fi ƙarfin 'yar solar da muke da ita. Ita kuwa wannan ba ta cin wuta sosai, batirinmu yana riƙe ta har asuba.

Aikinta irin na randa ne. Famfo yana ɗago ruwa daga tanki ya jiƙa wani soso mai kama da saƙar zuma a bayanta, fanka ta jawo iska ta cikinsa, ruwan ya bi iska ya tafi da zafin. Shi ya sa take son busasshiyar iska. A Afrilu, wallahi ta yi mana rana. Ƙurajen zafin da suka feso wa autana a wuya suka baje cikin mako guda, yara suka daina tashi tsakar dare suna neman ruwan sha.

Amma daren farko mun yi kuskure. Na rufe ƙofa da taga kamar yadda ake yi wa iyakwandishan, don kada sanyin ya fita. Kafin ƙarfe biyu ɗakin ya yi ɗumi mai danshi, zanin gado ya yi laushi kamar bai gama bushewa ba, yarinyar nan ta tashi ƙirjinta yana kuka. Na tsorata ƙwarai. Ashe dole a bar mata hanyar da iska za ta shiga da wadda za ta fita. Yanzu bakin taga nake ajiye ta, in bar ƙofa a buɗe da labule.

Sai batun tanki, wanda mai shagon ko ambatonsa bai yi ba. Kwana biyar ban zubar da ragowar ruwan ba, sai na ji wani ƙarni. Da na sa hannu a ƙasan tankin, yauƙi ne ya kama min yatsu, kuma abin da yara ke shaƙa ke nan. Tun daga ranar, duk bayan kwana biyu nake juye ruwan in wanke, soson kuma in ɗauraye shi in shanya duk Asabar. Ruwan da ke fita daga jikinsa ja ne saboda ƙura. Mai shagon ya ce mana tana tace iska, to ƙura mai kauri kawai take tarewa. Hayaƙin maganin sauro da na gawayi wucewa suke yi abinsu, don haka na koma gidan sauro.

Da damina ta kankama a Agusta, sanyin eya kular ya ƙare, sai danshi da ta ƙara, har funfuna ta fara fitowa a bayan durowa. Na kashe famfon, na busar da tankin, muka ci gaba da amfani da ita a matsayin fanka.

Zan sake sayen ta, kuma na ba ƙanwata da ke Sakkwato shawarar ta saya kafin Maris. Sai dai na gaya mata, idan ta san ba za ta iya wankin tankin nan ba, kada ta kai ta ɗakin jaririnta.