Gidan kallon da ya ware ɗaki domin tseren motoci a Jos

A cikin gidajen kallon ƙwallo da ke unguwannin bakin titin Bauchi a Jos, akwai ɗaya da ya ware ƙaramin ɗaki domin tseren motoci masu tayoyi a waje, irin na Formula 1 da IndyCar. A ganina ya cancanci kuɗin shigarsa, musamman a watan Mayu lokacin gwajin neman gurbi na tseren Indiyanafolis 500 a Amurka.

Wannan gwaji shi ne ma'aunin da ya dace a auna gidan da shi, domin mota ɗaya ce ke shiga fili a lokaci guda, ta yi zagaye huɗu a jere a filin da tsawonsa mil 2.5 ne, sannan a ɗauki matsakaicin gudunta, kuma motoci 33 kaɗai ake ba gurbi. Babu mai wuce wani, saboda haka daɗin kallon yana cikin lambobin da ke gefen allo. A 2023 Alex Palou ya kama gurbin farko da gudun mil 234.217 a awa, a 2024 kuma Scott McLaughlin ya zarce shi da 234.220, bambancin da ba za a taɓa gani ba idan hoto ya dushe ko intanet na sarƙewa. A nan gidan ya yi ƙoƙari ƙwarai: talabijin ɗin babba ce, ana karanta lambobin daga bencin baya, kuma batiran sola suna riƙe ta idan an ɗauke wuta, ba tare da jiran a tayar da janareta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaramin allon da mai gidan ya kafa, inda yake mayar da mil zuwa kilomita da alli, tunda mu da kilomita muka saba. Sai da ya rubuta cewa mil 234 ya haura kilomita 376 a awa sannan jama'a suka fahimci abin da suke kallo, domin da irin wannan gudu, in da hanyar miƙaƙƙiya ce, mutum zai bar Jos ya isa Abuja kafin awa ɗaya ta cika.

Kafin a fara watsawa kai tsaye, yakan sanya tsofaffin hotunan taurarin da suka tsallako daga wasu gasa, kuma zaɓin nasa na mai ilimin harkar ne. Akwai Fernando Alonso ɗan Sifaniya, zakaran Formula 1 har sau biyu, wanda a 2017 ya bar tseren Formula 1 na Monako ya zo Indiyanafolis, ya samu gurbi na biyar, a ranar tseren kuma ya jagoranci zagaye 27 kafin injinsa ya lalace. Nan take mai gidan kan biyo da na 2019, shekarar da Kyle Kaiser, direban ƙaramar ƙungiyar Juncos, ya fitar da Alonso daga cikin 33 ɗin baki ɗaya. Haɗa waɗannan biyun ya fi dogon bayani amfani ga matasan da ke zaton suna kaɗai ya isa. Yana kuma nuna Kyle Larson na NASCAR, wata gasar tseren motoci ta Amurka, wanda shi ma ya samu gurbi na biyar a 2024, sai dai na so a ce an ƙara da Nigel Mansell, wanda ya ci Formula 1 a 1992 ya kuma ci gasar IndyCar ta Amurka a 1993.

Da yake Najeriya na gaba da Indiyana, jihar da Indiyanafolis take, da awa biyar a wannan lokaci, kallon yakan ratsa magariba da isha, kuma an tanadi butoci da tabarmi a waje.

Inda gidan ya gaza shi ne sauti. Katako ne kawai ya raba ɗakin da zauren ƙwallo, kuma ƙarshen Mayu lokaci ne da ake rufe gasannin Turai, don haka ihun masu kallon ƙwallo yakan danne mai sharhi da ƙarar injin, alhali daga ƙarar ne ake gane ko direba ya sassauta ƙafa a kwana. Bencinan ma ba su da majingina, abin da ke gajiyar da mutum a gwajin da ke ɗaukar awanni. Ya kamata mai gidan ya gina bangon bulo ko ya ƙara lasifika kafin Mayu mai zuwa.